In Sakamakon Gwajin Sikila Bai Fito Sarai Ba

'Yar'uwa mai juna biyu, kin je awo, an ɗebi jininki don a duba sikila, sai ungozoma ta ce sakamakon bai fito sarai ba. Ki kwantar da hankalinki. Ba a ce ɗan da ke cikinki yana da ciwo ba. Gwajin farko ne bai isa ya ba da amsa ba.

Gwajin Emel, wanda ƙananan asibitoci suka fi yi, yana nuna akwai irin S a jini ne kawai. Ba ya rarrabe mai AS, wadda ke ɗauke da irin amma lafiyarta lau, da mai SS, wadda ke da ciwon. Kuma ba ya ganin irin C, wanda ya yi yawa a Burkina Faso. In an yi miki ƙarin jini cikin wata 3 da suka wuce, shi ma yana rikita sakamako, sai ki gaya wa likita.

Ga abin da za ki yi:

1. Ki nemi babban gwajin da ake kira elektoroforez. Shi ne zai nuna ko ke AA ce, AS, AC, SS ko SC. A Wagadugu ana yinsa a manyan asibitoci, kamar Yalgado Ouédraogo da Saint Camille.

2. Maigida ma ya zo a gwada shi, ko da zai rufe rumfarsa ta kasuwar Rood Woko rabin yini. Ɗa yana gadon iri ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Saboda haka kada dangi su ɗora wa mace laifi.

3. Ku zauna da likita ku biyu. In ke AS ce, shi AA, ɗanku ba zai yi sikila ba. In ku duka AS ne, kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na zama SS. In AS da AC ne, kashi 1 cikin 4 na zama SC.

4. Ki ci gaba da awo, ki sha maganin ƙarin jini, ki kwana cikin gidan sauro, ki haihu a asibiti, ki ce a gwada jaririn. Yaron da aka gane ciwonsa da wuri yana samun allurar rigakafi da maganin da ke tsare shi daga cututtuka.

Abin da ba ki gane ba, ki sake tambaya. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya sauke ki lafiya.