Ɗalibi Ko Hajar Kasuwa? Cinikin 'Yan Ƙwallo A Jami'o'in Amurka

A Amurka akwai wata ƙwallo mai siffar ƙwai da ake jefawa da hannu. Mai jifar shi ne madugun 'yan wasa, ana ce masa kwatabak, kuma jami'o'i kan yi rububinsa tun yana sakandare.

Da can hukumar wasannin jami'o'i, wato NCAA, ta hana a biya ɗalibi albashi, sai dai a ɗauke masa kuɗin makaranta da ci da makwanci. Wanda ya sauya jami'a kuwa sai ya shekara bai yi wasa ba. A 2021 aka sassauta wannan doka, aka kuma yarda ɗalibi ya karɓi kuɗin talla da sunansa. A Yunin 2025 kotu ta amince jami'a ta raba wa 'yan wasanta har dala miliyan 20.5 a shekarar farko.

To, kasuwa ta buɗe. Fernando Mendoza ya bar Kalifoniya ya koma Indiyana, ya ci kyautar Heisman a 2025. Shi kuwa Matthew Sluka, wasa uku kacal ya yi wa jami'ar Nebada ta Las Begas a 2024 ya ajiye. Wakilinsa ya ce alkawarin dala 100,000 aka yi masa da baki, ba a cika ba.

Mu dai a ganinmu hakkinsu ne a biya su, domin guminsu ke cika filin wasa. Amma masu samun shiga ƙwallon ƙwararru ba su kai biyu cikin ɗari ba. Yaron da ya zaga jami'a uku babu takardar shaida, ran da gwiwa ta tashi aiki, me zai riƙe?