Wa Ke Zaɓar Mana Labarin da Muke Karantawa?

A zamanin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, cikin watan Janairu na 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, duk wanda ke da maganar da yake so ta kai kunnen jama'a, ko malami ne a Malumfashi ko dillalin auduga a Funtuwa, ba shi da wata hanya face ya rubuta wasiƙa, ya aika, ya zauna jiran hukuncin edita, wanda shi zai duba ingancinta, ya tace, sa'an nan ya buga ko ya ajiye. Haka al'amarin rediyo ya kasance, tun daga sashen Hausa na BBC da ya soma a 1957. Hatta shirin raya aikin gona na Funtuwa, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa a tsakiyar shekarun 1970, ta bakin malamin gona saƙonsa ke isa ƙauye.

Amma tun da wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001, intanet ya biyo bayanta, sai ya zamana kowane mai waya ya mallaki maɗaba'a a aljihunsa, yana iya wallafa farashin masara a kasuwar Dandume ko hoton tsutsar da ta afka wa gonarsa, ba tare da neman iznin kowa ba. Wannan falala ce babba. Mushkilar tana wajen mai karatu, domin rubutu ya yi yawa, lokaci kuwa bai ƙaru ba.

Masana sun yi wa wannan matsala dabara tun 1999, sa'ad da kamfanin Netscape na Amurka ya fito da tsarin da ake kira RSS. Hikimarsa ita ce, kowace kafa tana ajiye jerin sababbin abubuwan da ta wallafa, kai kuma ka zaɓi kafofin da ka amince da su, ka damƙa sunayensu ga wata manhaja, ita kuwa ta riƙa zagayawa kamar ɗan aike ranar kasuwa, tana tattaro maka abin da ya fito bi da bi, babu ƙari babu ragi. Google ya rufe manhajarsa ta wannan aiki a 2013, amma tsarin bai mutu ba, don har yau da shi ake rarraba akasarin shirye-shiryen sauti na intanet. Facebook kuwa saɓanin haka yake: na'urarsa ce ke lissafin abin da ya fi tsayar da idonka, ta gabatar da shi, kuma sanin kowa ne cewa husuma da jita-jita sun fi hasashen damina na hukumar NiMet jan ido.

A ganina, tun da edita ya janye daga tsakani, wajibinsa ya faɗo kan mai karatu, kuma ba baƙon wajibi ba ne gare mu, domin malaman hadisi ba su karɓi riwaya ba sai sun binciki isnadinta, sun san adalar mai riwaya da ƙarfin haddarsa. Manomin da aka turo wa labarin sabon irin masara ya kamata ya tambaya: daga cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ya fito, ko kuwa daga bakin mai neman sayar da haja? Shi ma mai wallafawa, in ya ambaci farashi, ya faɗi kasuwa, da rana, da mudun da aka auna da shi.

Kada kuma a yar da rediyo. A watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Funtuwa da Malumfashi da Bakori, mutane sun shafe watanni suna jin halin da ƙasa ke ciki ta akwatin rediyo da bakin direbobin tasha.