Girman Kai da Tsira a Tatsuniyar Ruwan Bagaja

Idan aka ce Ruwan Bagaja, ɗalibai da yawa sukan tuna da littafin Abubakar Imam wanda aka buga a 1934, bayan gasar rubutun ƙagaggun labarai da aka shirya a Zariya a 1933. Amma sunan ya girmi littafin. Akwai tsohuwar tatsuniya mai wannan suna, wadda iyaye mata suke yi wa yara da dare, kuma ita ce za mu nazarta a wannan darasi. Da yake a baka ake ba da ita, takan ɗan bambanta daga gari zuwa gari, sai dai ƙashin bayan labarin ɗaya ne.

Wani mutum yana da mata biyu, mowa da bora. Mowa ita ce matar da miji ya fi so, bora kuwa ita ce wadda ba ya so. Kowacce tana da 'ya mace. Wata rana 'yar mowa ta ɓata kirgin da suke kwana a kai, wato shimfiɗar fata, amma aka ɗora wa 'yar bora laifin, aka ce ta tafi ta wanke shi a Ruwan Bagaja, wuri mai nisan gaske. A hanya ta yi ta iske koguna na abinci, kowanne yana yi mata tayi, ita kuwa ta yi godiya ta wuce. Daga baya ta shiga wata bukka inda ta tarar da Cinya, wato cinyar mutum ita kaɗai ba gangar jiki, tare da Kare mai yi mata tafinta. Ta yi sallama, ta yi duk aikin da aka sa ta. Da za ta tafi aka ba ta ƙwai, aka ce kada ta fasa shi sai a inda ta yi tambaya ba ta ji an amsa ba. Ta kiyaye, ta fasa, sai ga dawaki da bayi da dukiya. Da mowa ta ga haka, ita ma ta tura 'yarta. Wannan ta ci abincin kowane kogi, ta yi wa Cinya dariya, ta zaɓi babban ƙwai, ta fasa shi a inda aka hana ta, ta koma gida cikin wulaƙanci.

Abu na farko da za a lura da shi shi ne, hanya ɗaya yaran suka bi, jarrabawa ɗaya aka yi musu. Tatsuniyar ba ta ba 'yar bora ƙarfi ko makami ko wayo irin na Gizo ba. Abin da ya fitar da ita shi ne kama baki, da kame ciki, da sauraron umarni. Ganin cinya tana magana abin tsoro ne, kuma abin dariya ne, amma yarinyar ba ta nuna ko ɗaya ba. Ta ɗauki masu bukka a matsayin masu gida, ita kuwa baƙuwa. Ɗalibin da ya tashi a Kuje, ko Gbagyi yake ji a gida, ko Gade, ko wani harshe, ya san wannan ɗabi'a daga kasuwa: mai saye yakan fara da gaisuwa kafin ya tambayi farashi, kuma wanda ya tsallake gaisuwar yakan ga bambanci a fuskar mai kaya.

Girman kan 'yar mowa bai tsaya a zagi da dariya ba. Ya fi bayyana a rashin saurare. An faɗa mata yadda za ta yi da ƙwai, kamar yadda aka faɗa wa 'yar'uwarta, amma ta raina masu maganar, saboda haka ta raina maganar. Tana ganin ba abin da kare zai koya wa 'yar gata kamarta. Zaɓen babban ƙwai ma daga nan ya fito, domin ta saba duk abin da ya fi kyau a gida nata ne. Hausawa suna cewa girman kai rawanin tsiya, kuma hoton ya dace da ita: rawani alamar daraja ce, amma wannan ba ya ɗauke da komai sai asara.

Akwai wata tambaya da ta fi wannan zurfi. A ina 'yar bora ta koyi haƙurin da ya cece ta? A gidan da ake zaluntarta ta koya. Yunwar da ta saba da ita ce ta sa ta iya wuce kogin abinci. Ita kuwa 'yar mowa gata ne ya hana ta koyon komai, don haka rabin laifinta na uwa da uba ne. A ganina, wannan shi ya sa tatsuniyar ta daɗe a bakin mata, domin tana magana a kan rashin adalci a gidan kishiyoyi ba tare da an ambaci sunan kowa ba.

Irin wannan labari ba ƙasar Hausa kaɗai yake ba. A Jamus, 'yan'uwan nan biyu masu suna Grimm sun buga makamancinsa a 1812, inda yarinya mai ladabi ta dawo da zinariya, malalaciya kuwa ta dawo da kwalta a jiki. A ruwayoyin Hausa da dama, abin da ya fito daga ƙwan 'yar mowa shi ne kutare da makafi a kan jakuna. Mai karatu na yau yana da damar ya ƙi wannan hoto, domin ya mai da masu naƙasa alamar hukunci, alhali a cikin labarin ba su yi wa kowa laifi ba.