Jaririyar Mesa Mai Ƙin Cin Abinci

A Amurka da ƙasashen Turai akwai mutane masu yawa da ke kiwon macizai cikin gidajensu, kamar yadda mu ke kiwon tattabaru. Wadda suka fi so kuwa wata ƙaramar mesa ce marar dafi, wadda in ta tsorata sai ta dunƙule ta cusa kanta a tsakiya, shi ya sa Turawa suka raɗa mata sunan ƙwallo. Asalinta daga nan Afirka ta Yamma ne, akan fitar da ita daga Gana da Togo da Binin. Tana da tsawon rai ƙwarai. A 2020 wata a gidan dabbobi na Sant Luwis ta yi ƙwai 7 tana da shekara wajen 62. Amma duk wannan tsawon rai sai jaririya ta fara cin abinci tukuna, nan kuwa ne masu kiwo ke shan wahala.

Ƙwan yakan yi kwana 55 zuwa 60 kafin ya ƙyanƙyashe. Jaririyar takan fito da sauran gwaiduwa a cikinta, da ita za ta rayu har ta yi saɓar fari, watau bayan mako ɗaya ko biyu. Wanda ya miƙa mata ɓera kafin nan ya ɓata ɓeransa a banza.

To, in ta yi saɓa amma ta ƙi ci, sai a fara duba mazauninta. A daji cikin ramin ɓera ko cikin suri take ɓuya, saboda haka babban akwatin gilashi mai haske tsorata ta ya ke yi. Ƙaramin akwati ya fi, da maɓoya matsattsiya wadda jikinta zai taɓa bangonta. Gefe ɗaya ya zama da zafin digiri 31 ko 32 a ma'aunin Salshiyos, ɗaya gefen wajen 26, domin maciji ba shi da zafin jiki na kansa, sanyi kuwa yana hana shi narka abinci. Sa'an nan a bar yawan ɗaukarta. A ganinmu wannan ɗauka ita ta fi kome ɓarna, don mai sabon abu ba ya iya haƙura da wasa da shi.

Da dare za a ba ta abinci, zama lokacin ne ta ke farauta. A leɓenta akwai 'yan ramuka da ta ke jin ɗumin nama da su, don haka ɓeran da aka ciro daga firji lalle a ɗumama shi sosai, a riƙe da hantsaki ana ɗan motsa shi. Kada kaurinsa ya wuce kaurin tsakiyar jikinta. Ɓera mai rai ba a barinsa ya kwana da ita, yakan cije ta. In ta ƙi, a dakata kwana 5 zuwa 7, gama naci kullum ƙara mata tsoro ya ke yi.

A riƙa auna nauyinta kowane mako ana rubutawa. Muddin ba ta raguwa, ba abin tashin hankali. Amma in ƙashin bayanta ya fito, fata ta yi yaushi, sai a garzaya wurin likitan dabbobi, ko akwai tsutsar ciki. Ɗura kuwa aikinsa ne shi kaɗai, don hannun da bai saba ba yana iya ji mata rauni a maƙogwaro. Kowa ya taɓa ta ya wanke hannu da sabulu, saboda macizai kan ɗauki ƙwayar cutar salmonela mai sa zawo.