Zangon Hausawa a Kuala Lumpur Ya Koma Cikin Wayar Salula

Duk Bahaushen da ya sauka a filin jirgin sama na Sepang, ƙofar birnin Kuala Lumpur, bayan tafiyar da kan ci kusan yini guda daga Kano ko Abuja, abin da yakan fara nema shi ne layin waya. Dalili kuwa shi ne babu wata unguwa mai suna Zango ko Sabo a babban birnin na ƙasar Malesiya, wadda zai ce wa direba ya kai shi. 'Yan uwan nasa suna warwatse a Gombak da Serdang da Cyberjaya da sauran garuruwan da ke kewaye da birnin, kowa kusa da jami'arsa. Wurin da suke haɗuwa kullum shi ne zaurukan WhatsApp, kuma a nan ne baƙo yake samun wanda zai tarye shi, da inda zai kwana a darensa na farko.

Domin gane girman wannan canji, sai an waiwayi yadda Hausawa suka saba zaman baƙunta. A Kumasi da Accra da Ibadan, fatake sun kafa zanguna inda baƙo ke sauka a hannun mai gida. A unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a shekarar 1916, wani masani mai suna Abner Cohen ya yi nazari a kan cinikin shanu da goro, ya wallafa littafi a 1969. Ya nuna cewa mai gida ne ginshiƙin kasuwar baki ɗaya. Shi ke ba baƙo masauki da abinci, shi ke ajiye masa kuɗi, shi ke haɗa shi da dillali, kuma idan aka ba da kaya bashi, shi ne mai tsayawa. Idan mai saye ya gudu, sunan mai gida ne zai ɓaci, don haka ba ya tsaya wa wanda bai sani ba.

Akasarin Hausawan da ke Malesiya neman ilmi ne ya kai su. Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa, wadda aka kafa a 1983 kuma babban reshenta ke Gombak, da Jami'ar Malaya da ke cikin birnin, da Jami'ar Putra da ke Serdang, sun yaye malaman jami'o'i da kwalejoji da dama daga arewacin Nijeriya, waɗansu da tallafin asusun TETFund, waɗansu da na gwamnatocin jihohinsu, waɗansu kuwa da aljihunsu. Abin da ya ja su shi ne sauƙin kuɗin makaranta idan aka kwatanta da Ingila ko Amurka, da karatu cikin harshen Ingilishi, da kuma zama a ƙasar da Musulmi suka fi yawa, inda abincin halal da masallaci ba su da wuyar samu.

Sun kuma tarar da ƙasar da ta daɗe da sa fasahar sadarwa a gaba. Tun a 1992 cibiyar bincike ta MIMOS ta buɗe JARING, hanyar intanet ta farko a ƙasar. A 1996 Firayim Minista Mahathir Mohamad ya ƙaddamar da wani shiri na keɓe yanki mai faɗin kilomita 15 da tsawon kilomita 50, daga tagwayen benayen Petronas zuwa Sepang, domin kamfanonin kwamfuta. Daga wannan shiri ne aka gina garin Cyberjaya. A 1997 aka fito da katin Touch 'n Go na biyan kuɗin hanya, wanda daga baya ya shiga jiragen ƙasa da bas-bas. A 2012 kuma, a nan Kuala Lumpur, Anthony Tan da Tan Hooi Ling suka kafa MyTeksi, manhajar kiran tasi da ta zama kamfanin Grab. Bayan da aka shigo da tsarin DuitNow, har mai sayar da shinkafa a bakin titi yakan rataye 'yar alama mai kusurwa huɗu, mai saye ya haska ta da waya, kuɗi su wuce. Lokacin kullen cutar korona, wanda ya fara ranar 18 ga Maris na 2020, an kai matsayin da sai mutum ya nuna manhajar MySejahtera kafin ya shiga kanti ko masallaci.

A irin wannan gari, wanda wayarsa ta lalace tamkar wanda aka rufe a ɗaki ne, shi ya sa ma baƙi suke saurin sanin hanyar Plaza Low Yat da ke Bukit Bintang, babbar kasuwar wayoyi da kwamfutoci. Amma ga Bahaushe, amfanin wayar ya zarce kiran mota da biyan kuɗi. A cikin zauren ne ake cigiyar ɗakin haya da abokin zama, ake tambayar yadda za a sabunta takardar izinin karatu ta hannun hukumar EMGS, ake shelar wanda zai taho daga gida da kuka da daddawa da yaji a cikin jakarsa. A nan ake sanar da suna da ɗaurin aure, a nan ake shirya buɗa-baki da ziyarar salla. Idan an yi rashi, nan ne ake tara gudummawa, a kuma sanar da lokacin jana'iza.

Haka nan zumunci da gida ya sauya kama. A da, matafiyi yakan ɗauki muryarsa a kaset ya ba mai komawa gida, ko ya sayi katin waya mai tsada ya yi gaisuwar minti uku. Yanzu uwa a Funtuwa ko Maraɗi, ko da ba ta karatun boko, takan danna waya ta aika saƙon murya. Sai dai akwai tazarar awa bakwai tsakanin Malesiya da Nijeriya. Lokacin da ake sallar isha'i a Zariya, dare ya raba a Kuala Lumpur, don haka ɗalibai da yawa sukan raba barcinsu biyu saboda hira da iyali.

To amma akwai aiki guda na tsohon mai gida wanda zauren waya bai gada ba, wato tsaya wa baƙo. A zaure mai ɗaruruwan mutane, abin da ake gani shi ne lamba da hoto, kuma duk wanda ya iya sallama da Hausa ana ɗaukarsa ɗan gida. Wurin da wannan giɓi ya fi ciwo shi ne canjin kuɗi. Tun bayan da Babban Bankin Nijeriya ya saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 har ta haura 1,500 a farkon 2024, kuɗin guzurin ɗalibai ya narke a hannunsu. Asusun TETFund ma ya dakatar da tura sababbin malamai karatu ƙasashen waje daga Janairun 2025. A cikin wannan ƙunci, mutum yakan nemi mafi arhar hanya: ya tura wa wani naira a asusunsa na Nijeriya, shi kuma a sa masa ringgit a asusunsa na Malesiya.

Haɗarin iri biyu ne. Na farko, ya tura naira, lambar ta daina shiga. Na biyu ya fi muni, domin ringgit ɗin sukan iso, amma daga asusun wani mutum da aka damfara. Idan wanda aka cuta ya kai ƙara, sawun da 'yan sanda za su bi zai tsaya ne a kan asusun ɗalibin. Mutanen Malesiya suna kiran irin wannan da sunan da ke nufin jakin asusu, wato wanda ake ɗora wa kayan da bai san ko na wane ne ba. Hukumomin ƙasar ba su ɗauki lamarin da wasa ba. Rundunar 'yan sanda tana da shafin Semak Mule inda kowa zai iya duba ko an taɓa kai ƙarar wata lambar asusu ko ta waya. A watan Oktoban 2022 aka buɗe cibiyar ƙasa ta kai ɗauki ga waɗanda aka damfara, mai lambar kira 997. A 2024 kuma majalisar dokoki ta yi wa dokar hukunta laifuka gyara, ta mai da ba wa wani aron asusun banki ko katinsa ba tare da hujja ba laifi mai ɗauke da tara ko ɗauri. Ga baƙon da zamansa ya rataya a kan takardar izinin karatu, rufe asusu kaɗai ya isa ya tsayar da digirin da ya yi shekaru yana wahala a kansa.

Bugu da ƙari, laifin 'yan tsiraru yakan shafi kowa, kamar yadda Hausawa ke cewa wake ɗaya shi ke ɓata gari. Rahotannin kame 'yan Afirka bisa zargin damfara ta intanet sun sa waɗansu masu gidajen haya suna gudun baƙar fata, har akan ga tallan gida da aka rubuta ƙarara cewa ba a son 'yan Afirka. Malamin jami'a da ya zo da iyalinsa domin digiri na uku shi ma yakan sha wannan wulaƙanci. Sannan ya kamata masu zafin rubutu su san cewa sashe na 233 na dokar sadarwa ta 1998 yana hukunta aika saƙon ɓatanci ta waya ko intanet, kuma dokar ta hau kan baƙo kamar yadda ta hau kan ɗan ƙasa.

Maganin ba wani sabon abu ba ne ga jikokin fatake. Shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai da dattawan da suka daɗe a ƙasar su ne masu gidan wannan zamani, kuma a hannunsu yake su tabbatar ba a sa kowa a zaure ba sai wani sananne ya ce ya san shi, ya san jami'arsa. Shi kuma ɗalibi, kada ya ba da lambar asusunsa ga wanda bai taɓa haɗa ido da shi ba, ya duba Semak Mule kafin ya karɓi kuɗi ko ya tura, ya kuma bi ta bankuna da kamfanonin aika kuɗi masu lasisi ko da la'adarsu ta fi yawa. Iyaye a gida ma suna da rawar takawa: kafin a tura kuɗin makaranta ta hannun wani da aka ce ɗan gari ne, a tambayi wanda ya tsaya masa.