Musayar ilimin sana'a

Musayar ilimin sana'a ita ce al'adar da masu sana'a ke amsa tambayoyin juna kan matsalolin aiki ba tare da karɓar kuɗi ba. Ana samun ta a tsakanin manoma, makanikai, masu gyaran waya da masu rubuta manhajar kwamfuta. Masana zamantakewa sun daɗe suna binciken abin da ke sa mutum ya ba da lokacinsa da saninsa kyauta, alhali wanda ya koya wa zai iya zama abokin gasarsa a kasuwa.

Tarihi a ƙasar Hausa

Neman ilimi ta hanyar tambaya da amsa tsohon abu ne a Afirka ta Yamma. A ƙarshen ƙarni na 15, Askiya Muhammad na Songhai ya gabatar wa Shaihu Al-Maghili tambayoyi kan mulki da shari'a, kuma amsoshin sun zama littafin da malaman jihadin Sakkwato suka yi amfani da shi daga baya. A ƙarni na 19, Nana Asma'u (1793–1864) ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda mata masu muƙamin jaji ke karɓar karatu su kai wa matan ƙauyuka. A fagen sana'a kuwa, ilimi ya fi tafiya daga uba zuwa ɗa ko daga maigida zuwa yaronsa, kuma wasu sana'o'i kamar ƙira da wanzanci sukan riƙe sirrinsu a cikin gida.

A Tambuwal da Kebbe

Tambuwal da Kebbe ƙananan hukumomi ne a kudancin Jihar Sakkwato, kuma noma da kiwo su ne manyan sana'o'in jama'arsu. Yaɗuwar injin ban-ruwa a fadamu, musamman bayan shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa tun farkon shekarun 1990, ya kawo sababbin tambayoyi: me ke hana inji jan ruwa, wane magani ya dace da tsutsa, yaushe ake zuba taki. Malaman gona ba su isa kowane ƙauye ba, don haka manomi ya fi dogara da maƙwabcinsa na gona. Amsar da ta zo a kan lokaci tana iya ceton shukar rani, domin kwanaki kaɗan na rashin ruwa kan ƙone ta.

Shigowar wayar salula ta GSM Najeriya a 2001 ya haifar da sana'ar gyaran waya. Masu gyara a ƙananan garuruwa sukan tuntuɓi abokan aikinsu a manyan kasuwanni, irin su Farm Centre a Kano, idan wata matsala ta gagare su.

Dalilai

Na farko shi ne ramuwar alheri. Wanda ya amsa yau yana sa ran a amsa masa gobe, kamar yadda ake yi a aikin gayya. Masanin Faransa Marcel Mauss ya nuna a 1925 cewa kyauta takan ɗora wa mai karɓa nauyin ramawa.

Na biyu shi ne ƙarin ilimi ga mai amsawa. A binciken da Karim Lakhani da Eric von Hippel suka wallafa a 2003 kan masu amfani da manhajar Apache, sun gano cewa kusan duk lokacin da masu taimako ke ɓatawa yana tafiya ne wajen karanta matsalolin wasu, wanda su ma suke ƙaruwa da shi.

Na uku shi ne suna. Makanikin da aka san shi da warware abin da ya gagari wasu yana samun ƙarin aiki da yara masu koyo. Binciken Molly Wasko da Samer Faraj na 2005 ya nuna cewa mutane sun fi ba da saninsu idan suna ganin hakan zai ɗaga darajarsu a sana'a.

Na huɗu shi ne neman lada, domin koyarwar Musulunci ta yi hani ga ɓoye ilimi, ta kuma ɗauki ilimi mai amfani a matsayin sadaka mai gudana.

Matsaloli

Ba kowace amsa ce daidai ba. Shawara marar tushe kan haɗa maganin feshi tana iya lalata gona ko cutar da mai feshin. Haka kuma masu tambaya sukan fi masu amsawa yawa, sai nauyin ya taru a kan mutane ƙalilan har su gaji. Wasu ƙwararru kuma suna ɓoye muhimmin mataki na aiki don kada yaransu su buɗe shago kusa da su, kuma idan irin waɗannan suka rasu, ilimin kan tafi tare da su.