Ciwon suga da ciwon daji: abin da ya kamata mutanen karkarar Kano su sani

Daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, daga Ɗambatta zuwa Kunchi da Tsanyawa, gona ce ke bin gona, gida na hango gida. An daɗe ana ganin ciwon suga a wannan yanki a matsayin cutar attajiran birni, masu cin maiƙo da zaman mota. Amma cima ta sauya. Fura da tuwon dawa sun matsa gefe, shinkafar noman rani da taliya da burodi sun samu wuri, shayi mai kaurin sukari ya zama karin kumallo, babur kuma ya karɓe tafiyar ƙafa. Yau ba abin mamaki ba ne a ji dattijo a ƙauye yana cewa an hana shi zaƙi.

Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 24 ne ke da cutar a Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su san suna ɗauke da ita ba. Waɗanda suka sani kuwa, abin da aka fi tsoratar da su da shi shi ne makanta, ciwon ƙoda, da gyambon ƙafa da ke kaiwa ga yankewa. Ba kasafai ake ambata masu ciwon daji ba.

Alhali masana sun daɗe da lura da alaƙar. A 2010 manyan ƙungiyoyin Amurka biyu, ta ciwon suga da ta ciwon daji, suka fitar da rahoton haɗin gwiwa. Sun ce ciwon suga nau'i na biyu, wanda ya fi kama manya, yana ninka haɗarin dajin hanta, da na bangon mahaifa, da na fankiriyas, wato tsokar nan da ke kwance bayan tumbi tana samar da sinadarin insulin. Akwai ƙarin haɗari, ƙasa da wancan, a babban hanji da mama da mafitsara. A 2018 wani nazari da ya tattaro bayanan mutane kusan miliyan 20 ya nuna cewa ƙarin haɗarin ya kai kashi 27 cikin 100 ga mata masu suga, kashi 19 ga maza.

Kada mai karatu ya firgita: mafi yawan masu ciwon suga ba za su kamu da daji ba. Maganar haɗari ake, ba hukunci ba.

To, ta ina cututtukan biyu suka haɗu? Idan jiki ya daina jin maganar insulin, sai ya riƙa samar da shi da yawa don ya danne sukarin da ke jini. Insulin kuwa ba sukari kaɗai yake kula da shi ba, yana kuma zuga ƙwayoyin jiki su girma su hayayyafa, kuma ƙwayar da ta fara lalacewa tana cin moriyar wannan zuga. Sai kitsen tumbi, wanda ke haddasa kumburin cikin jiki na shekaru, a jikin mace kuma yana ƙara yawan sinadarin da ke kaurara bangon mahaifa. Tsufa da ƙiba da taba da rashin motsa jiki duk suna ciyar da cututtukan biyu daga akushi ɗaya.

A ganina, hanta ce ya kamata manomin arewacin Kano ya fi yi wa tunani, domin maƙiyanta uku suna iya taruwa a gida guda. Ciwon hanta nau'in B ya yawaita a Najeriya, kuma sai a 2004 aka shigar da rigakafinsa cikin alluran yara, don haka yawancin magidantan yau sun taso babu shi. Gyaɗa da masara da aka zuba a buhu ko rumbu kafin su bushe suna yin funfuna, funfunar kuma tana fitar da guba mai suna afilatoksin, wadda aka tabbatar tana jawo dajin hanta. Abin takaici, zaɓaɓɓiyar gyaɗa ce ke tafiya kasuwa, ta baya kuma ita ake bari don ƙuli da miya. Idan suga ya zo ya tara wa irin wannan hanta kitse, an ɗora kaya kan jakin da ya riga ya gaji.

Ga iyayenmu mata akwai wata alama da ake yawan kai ta inda ba a gama maganarta. Mace ta daina al'ada shekara da shekaru, sai ta sake ganin jini. Tambayar farko da takan aika wa malam ita ce hukuncin sallarta da azuminta. Tambaya ce mai kyau, malam kuma zai amsa. Sai dai jini bayan yankewar al'ada shi ne babbar alamar dajin mahaifa, cutar da ake warkewa daga gare ta idan an gano ta da wuri. Malamin da ya haɗa fatawarsa da cewa "Hajiya, a je asibiti cikin makon nan" ya yi wa gidan babbar hidima, musamman idan matar tana da suga.

Wani lokacin kuma sugan ne ke zuwa a matsayin ɗan aike. Mutumin da ya haura shekara 50, suga ya bayyana masa kwatsam, yana ramewa ba dalili, ko idonsa ya yi ɗorawa irin na shawara, bai kamata ya tsaya kan jiƙo da saiwoyi ba. Dajin fankiriyas kan fara da haka. Haka jini a bayan gida, wanda kowa ke kira basir, da ƙullutu a mama.

Gwajin suga ɗigon jini ne daga yatsa, ana yin sa a manyan asibitocin Bichi da Ɗambatta, gwajin ciwon hanta ma ba shi da wuya. Idan likita ya ga abin da ya fi ƙarfinsa, yakan tura mutum Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kuɗin mota da na gwaji nauyi ne ga mai jiran kaka, shi ya sa ya fi sauƙi a ware su lokacin da amfanin gona ya shigo gida, kafin a fara rabon kuɗin biki da na taki.